Gemu ba ya hana koyon kiɗa: ɗan fansho da tsohon banjo

Mutumin da ya yi ritaya ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin sallamarsa ya sayi tsohon banjo don koyon kiɗan gargajiya na ƙasar Ireland, wasu za su ce ya rasa abin yi. Gaskiya ita ce ya yi dabara, domin babban abin da ke cin ɗan fansho bayan rashin kuɗi shi ne zaman kaɗaici.

Banjo ɗan uwan molo da garaya ne. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a yankin Karibiyan da Amurka, da ƙwarya da fata, kamar yadda suka san irinsa a gida. Wanda ake kaɗawa a Ireland mai tsirkiya huɗu ne. Kamfanoni irin su Vega da Gibson sun ƙera irinsa da yawa a Amurka a shekarun 1920 saboda makaɗan jaz. Da jita ta karɓe wurinsa a shekarun 1930, sai aka jingine su. Daga baya Barney McKenna na ƙungiyar The Dubliners, wadda aka kafa a 1962, ya yaɗa salon ɗaure tsirkiyoyin daidai da na gogen Turawa amma da murya mai kauri. Wannan ya sa banjo ya iya bin duk wani take da goge ke bi.

Abin da ya sa wannan kiɗa ya dace da dattijo shi ne ba a ɗaki ake yin sa ba. Makaɗa kan haɗu su zauna a da'ira, mai goge da mai sarewa da mai banjo, suna bin take ɗaya tare. Yawanci da kunne ake koyo, kuma akwai zama na musamman da ake rage sauri saboda sababbin shiga. Ƙungiyar Comhaltas, da aka kafa a garin Mullingar a 1951, tana da rassa a ciki da wajen Ireland inda ake koyar da yara da manya. Mutumin da ya rabu da abokan ofis ya samu wata majalisar ke nan, da dalilin fita kowane mako.

Ba a ce babu wahala ba. Kayan da ya kusa shekara 100 yana iya zuwa da lanƙwasasshen wuya ko tsagaggiyar fata, kuma gyara na cin kuɗi. Ya kamata mai saye ya kai wa gwani ya duba kafin ya biya. Yatsun ɗan shekara 65 ma ba za su yi gudu kamar na matashi ba, sai dai sannu ba ta hana zuwa.

Don haka iyalan irin wannan dattijo su daina yi masa dariya. Gara su jure wa ƙarar kuskurensa na watannin farko da su zuba ido yana tsufa a gaban talabijin.