Afuwar fursunonin siyasa: me koyarwar coci ta ce, kuma wa ta hau kansa?

Tun daga Disamba 2021, lokacin da kotun musamman ta CRIET ta yanke wa tsohuwar minista Reckya Madougou ɗaurin shekara 20, ta kuma yanke wa Farfesa Joël Aïvo shekara 10, maganar afuwa ba ta bar bakin 'yan siyasar ƙasar nan ba. Su biyun sun musanta laifin da aka ɗora musu. 'Yan adawa suna cewa a yafe. Shugaba Patrice Talon kuwa, a ganawarsa da jam'iyyar Les Démocrates a Nuwamba 2023, ya nuna ba shi da niyyar yi wa Madougou afuwa, har ya ce wani lokaci yafiya kan zama kuskure.

To, mu mutanen Zongo, da majami'ar Saint-Michel ke maƙwabtaka da mu a nan Kwatano, ya kamata mu san da wane harshe ake wannan muhawara. Ƙidayar 2013 ta nuna Kiristoci sun kusa rabin al'ummar Benin, Musulmi kuma sun ɗan haura kashi 27 cikin ɗari. Shi ya sa idan manya suka ce "gafara" ko "tuba" a fagen siyasa, galibi daga koyarwar coci suke ɗebo ma'anar.

Koyarwar nan tana da ƙafa uku, kamar murhu. Ta farko tana kan mai laifi. A wurin Katolika, tuba ba ta cika sai da nadama, da furta laifin a gaban fada, da ƙudurin dainawa, da gyara ɓarnar da aka yi. Linjilar Luka ta kawo labarin wani mai karɓar haraji a Jariko wanda ya tuba, ya ɗauki alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, don malamanmu ma sun ce tuba ba ta karɓuwa sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Ƙafa ta biyu tana kan wanda aka cuta, musamman idan shi ma an taɓa yafe masa. Linjilar Matiyu ta ba da misalin bawan da sarki ya yafe masa bashi mai ɗimbin yawa, shi kuma ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa kan 'yan kuɗi kaɗan, har ya sa aka kulle shi. Ƙafa ta uku ita ce kamun kai, wato mutum ya danne zuciyarsa a daidai lokacin da yake da ikon ramawa.

Benin ta taɓa ganin ƙafafun nan uku sun haɗu. A Fabrairun 1990, babban taron ƙasa ya zauna a otal ɗin PLM Alédjo ƙarƙashin jagorancin Monsinyo Isidore de Souza, limamin Katolika. Janar Mathieu Kérékou, wanda ya riƙe mulki tun juyin mulkin 1972, ya amsa kura-kuran gwamnatinsa, ya nemi gafara, ya kuma karɓi hukuncin taron alhali sojoji suna hannunsa. Da ya sha kaye a hannun Nicéphore Soglo a zaɓen 1991, ya sauka, aka ba shi kariya daga tuhuma. Ya dawo ta akwatin zaɓe a 1996, ya sake sauka a 2006. Amma fa ko a nan akwai giɓi: waɗanda aka azabtar a kurkukun Ségbana ba su ga an gurfanar da shugaban ba. An sami zaman lafiya, adalcin ne bai cika ba.

Misali na biyu ya fi kusa. A Oktoban 2012 aka zargi Talon, wanda a lokacin hamshaƙin ɗan kasuwar auduga ne, da shirya sa wa Shugaba Boni Yayi guba. Ya musanta, ya zauna a Faransa, kotun can kuma ta ƙi miƙa shi. A Mayun 2014 Yayi ya sanar da cewa ya yafe, bayan shiga tsakanin Abdou Diouf. Talon ya dawo gida a 2015, ya ci zaɓe a 2016. Kun ga ke nan, ƙofar da ya bi ya shigo fada, yafiya ce ta buɗe ta.

A nan ne kowane ɓangare ke ɗaukar ƙafa ɗaya ya bar sauran. Masu goyon bayan gwamnati suna cewa ba yafiya sai da tuba, kuma sakin wanda kotu ta ɗaure zai koya wa na baya raina doka. Maganar tana da nauyi. Sai dai wanda ya dage cewa bai yi laifi ba, da me zai tuba? Ga shi kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce tsarewar Madougou ta saɓa ƙa'ida. Su ma 'yan adawa, in suna son a ji kiransu, sai sun amsa cewa rikicin zaɓen 2019 da na 2021 ya ci rayuka da dukiya a Kwatano, Tchaourou da Savè, kuma iyalan da aka yi wa rashi suna da haƙƙi.

Duk da haka nauyin bai zo daidai ba. Fursuna ba shi da mabuɗi, kamun kai kuma ana auna shi ne a wurin mai iko. Lokacin da Paparoma Benedict na 16 ya zo Benin a Nuwamba 2011, takardar da ya sa wa hannu a Ouidah ta haɗa sulhu da adalci da zaman lafiya wuri guda, ba ta raba su ba.

Mu da abincinmu ke Dantokpa da hanyar Parakou zuwa Malanville, mun san idan giwaye suka yi faɗa ciyawa ce ke shan wahala. Don haka limaman Zongo suna da ta cewa, tare da maƙwabtansu na coci: a nemi sulhun da za a faɗi gaskiya a cikinsa, a biya waɗanda aka cuta, mai mabuɗi kuma ya fara miƙo hannu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.