DA IGWAR JIRGIN RUWA AKA FARA BUƊE ƘOFARMU

Kwanakin baya ina cikin mota a Garki, a nan Abuja, muka wuce ta gaban hedkwatar sojojin ruwa na Nijeriya. Sai wani abokina ya bushe da dariya, wai ina ruwan Bahaushe da sojan ruwa, alhali ko teku bai taɓa gani ba. Ni ma na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin a ganina wannan tunani ne ya sa muke karanta tarihinmu daga tsakiya.

Idan aka tambayi ɗalibi yadda Turawa suka ci ƙasar Hausa, nan take zai kawo faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Gaskiya ne. To, amma ta ina suka biyo?

Ya ɗan'uwa mai karatu, tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, Ingila ta mai da jirgi ganuwa mai tafiya. Jirgin Victory da ya yi yaƙin Tarafalga a 1805 yana ɗauke da igwa 104, manyansu na jefa dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 14. Dunƙulen ba ya fashewa. Idan ya huda katakon jirgi, sai tsagin itace ya watsu kamar kibiyoyi, ya yi ta yanke hannu da ƙafa. Wannan a kan ruwa ke nan, balle a ce gari aka saita. A 1816 jiragen Ingila da Holan sun shafe sa'o'i suna yi wa birnin Aljiyas luguden wuta, har mai mulkinsa ya amince da sharuɗɗansu.

Irin wannan ce ta sami Ikko. A Nuwamban 1851 mutanen Sarki Kosoko sun kori harin farko na Ingilishi, domin su ma suna da igwa a bakin ruwa. A ƙarshen Disamba sai aka dawo musu da shiri, a lokacin har da jirage masu tururi. Wuta ta kama rumbun albarushin Kosoko, ya bar gari, aka ɗora Akitoye. Turawa sun ce cinikin bayi suka zo hanawa, kuma ba na musun cewa ana yin sa. Sai dai bayan shekara goma, a 1861, Ikko ta zama mallakarsu.

Ga inda abin ya shafe mu. A 1863 Gilova ya tara Hausawan Ikko, da yawansu tsofaffin bayi, ya kafa rundunar da ake danganta asalin sojan Nijeriya da ita. Bayan shekara 40, cikin sojojin da suka tsaya a bakin badalar Kano akwai masu jin Hausa kamar waɗanda ke cikin birni.

Shi ya sa nake ganin ya kamata malamanmu su riƙa fara wannan darasi daga 1851. Muna son labarin doki da sulke, ni ma ina so, kuma ba na raina jaruntakar waɗanda suka faɗi a Giginya. Amma sarakunanmu sun gina ganuwa ne don mahayan da za su ɓullo ta daji, ga shi kuwa an riga an karɓe bakin teku tun kakannin waɗansunsu na kan mulki.