Karin Maganar Turanci A Kan Abuta: Hadda Ba Ta Isa Ba

Jama'a, akwai wata al'ada a makarantunmu da ya kamata mu masu shirin fita koyarwa mu duba tun ba mu riƙi alli ba. Malami ya kan cika allo da karin maganar Turanci, kowane da ma'anarsa a gefe, ya ce a haddace kafin gobe. Yara su haddace kamar aku, su juye a takarda, bayan mako guda kuwa ba mai iya sa ko ɗaya cikin zance. A ganina wahalar banza ce. Bari mu gwada da waɗanda suka shafi abuta, tun da yake a kwaleji irin tamu, inda Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo ke kwana ɗaki guda, da Turanci a kan ƙulla yawancin abuta.

Kowane karin magana yana da hoto a bayansa, hoton kuwa na ƙasar masu harshen ne. Dubi "fair-weather friend". A Ingila ruwa da sanyi sun yi yawa, saboda haka ranar da gari ya washe, rana ta fito, ita ce ranar farin ciki. Abokin irin wannan rana shi ne wanda ke manne da kai lokacin daɗi, ya ɓace da zarar hadari ya taso. To, ɗan manomi da ya saba ganin ubansa yana murna in hadari ya haɗo, yaya zai gane wannan in ba a bayyana masa ba? Amma in ka bayyana, kafin ka rufe baki shi zai gaya maka cewa ranar naka sai naka.

Haka kuma "a friend in need is a friend indeed". Yaro ya kan fassara shi da cewa aboki mai bukata shi ne abokin gaskiya, har ya yi mamaki ko Turawa mabarata suke yabo. Alhali kuwa nufin shi ne wanda ya tsaya maka sa'ad da kai kake cikin bukata. "Through thick and thin" kuwa daga daji ya samo asali, watau ratsa kurmi mai duhu da wurin da itatuwa ke da sarari, kuma tsohon zance ne ƙwarai, don yana cikin rubutun Chaucer wanda ya rasu a 1400. Mu sai mu ce kome wuya kome daɗi. In abokai biyu sun ɓata suka shirya, Turawa su kan ce "bury the hatchet", daga al'adar mutanen asali na Amurka ta Arewa, waɗanda kan binne gatarin yaƙi in an yi sulhu. Ashe ba shi ne mai da wuƙa kube ba?

Amma fa a nan sai malami ya yi hattara, don ba duk abin da ya yi kama ne ɗaya ba. In aka ce mutum biyu "as thick as thieves" ne, ba a tuhume su da sata ba, ana nufin sun shaƙu, ba mai jin asirinsu. Malamin da ya haɗa wannan da namu na abokin ɓarawo ɓarawo ne, ya koya wa yara yadda za su ɗauki wasa a kan zagi, wata rana har a kai ga dambe a ɗakin kwana. Haka nan "birds of a feather flock together" ba daidai yake da zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai ba. Na Turawa cewa yake masu hali ɗaya su ke neman juna tun farko, namu kuwa cewa yake zaman tare shi ke sāke halin mutum. Yaron da ya gane wannan bambanci ya ƙaru da harshe biyu gaba ɗaya.

Wani zai ce ai jarrabawa ce ta tilasta hadda. Ban yarda ba. Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ta kan sa karin maganar cikin jimla ne, ta ce a zaɓi ma'anarsa. Mai hadda, in an ɗan juya jimlar, sai ya rikice, mai fahimta kuwa ko a ina ya gamu da ita zai shaida ta.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan'uwana masu zuwa gwajin koyarwa. Kada ku ba yara ashirin a rana, ku ba su uku a mako. Ku fara da hoton, sa'an nan ku tura su gida su tambayi iyaye da kakanni abin da a kan ce a harshensu, ko Hausa ne ko Yarabanci ko wani, su kawo a gwama a aji, a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Daga ƙarshe kowa ya sa shi cikin jimla tasa ta kansa. Mai neman taimako ya nemi littafin Kirk-Greene na 1966, Hausa Ba Dabo Ba Ne, mai karin magana 500 da bayaninsu cikin Turanci.

Aikin ya fi cika allo wuya, wannan gaskiya ne. Amma yaran da za a danƙa mana amana ce, ba aku aka ba mu kiwo ba. Shawara dai ta rage ga mai shiga rijiya.