Idan iyakwandishan ta mutu a hannun mai gyara, wa zai biya?



A watan Maris da ya wuce, lokacin da zafin Minna ke kusantar maki 40 da rana, na kira mai gyara ya yi wa iyakwandishan ɗin ɗakin mahaifiyata sabis a gidanmu da ke Dutsen Kura. Tsohuwa ce mai hawan jini, zafi na hana ta barci. Ya wanke na'urar ciki, ya wanke ta waje, muka kunna. Fanka na juyawa, amma kwamfuresa ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru.

Na ce, "Injiniya, da safe fa tana sanyi." Ya ce, "Yallaɓai, dama ta gaji, kwamfuresar ce ta ƙone." Na riƙe kuɗin aikinsa, ya tattara kayansa ya tafi rai a ɓace. Washegari wani ya zo ya sa mita, sai ga shi kafasita ce ta kumbura, wato ɗan gwangwanin nan da ke tayar da kwamfuresa, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar nata ba. Zafi da hawa da saukar wuta ne ke kashe shi, kuma ba ya sallama kafin ya tafi. Mu da madatsar Shiroro ke jiharmu mun san yadda wuta ke zuwa wani lokaci, ko fanka da ƙyar take juyawa.

To, laifin wa? Shi ya yi kuskure da ya yanke hukunci bai gwada ba. Da na biye masa da na sayi kwamfuresa a banza. Ni ma na zalunce shi, domin ba shi ya kashe ta ba. Na neme shi na biya.

Ra'ayina shi ne mu daina ɗaukar cewa duk abin da ya lalace a gaban mai gyara shi ya lalata. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su bayan idon mai su. Aikin da ya yi a gidanka kuwa, malamai sun ce ba a ɗora masa ramuwa sai in ya yi sakaci ko ganganci. Kuma sakacin yana faruwa: watsa ruwa a kan allon wutar na'urar ba tare da an rufe shi ba, ko ɗura mata gas ɗin da ba nata ba. A jikin ta waje akwai rubutu, R22 ne ko R410A ko R32, kuma ba a cakuɗa su. Wanda ya yi haka ta mutu, ya biya, babu maganar ƙaddara.

Matsalar ita ce shaida, kuma ba a samun ta sai in maigida ya tsaya. Yawancinmu sai mu haɗa mai gyara da yara mu tafi kasuwa. Kafin ya taɓa komai, ku kunna ta tare ta yi minti 15, ya auna ƙarfin wutar a gabanka, ka ɗauki bidiyo da waya. In an kashe ta, a jira minti 3 kafin a sake kunnawa. In ya ce sai ya kai ta shago, a rubuta abin da ya ɗauka da ranar dawowa.

Ku kuma masu gyara da ke cikinmu, in kun ga wani abu ya raunana, ku faɗa kafin ku fara aiki, ba bayan ta mutu ba.

A taronmu mai zuwa zan gabatar da shawarar ƙungiya ta buɗe rajistar masu gyaran da mambobi suka gwada suka gamsu da su. Mai suna ya zo da shi.

Sakatare