Kwalliyar Jirgi da Lafiyar Katakonsa

Mai sayen bandar kifi a Sabon Gari na Keffi ba kasafai yake tuna cewa akwai mutanen da jirgi ne ɗakinsu kuma shi ne gonarsu ba, alhali Jihar Nasarawa kanta tana da garuruwan bakin Binuwai irin su Loko da Umaisha, inda fito, wato ƙetarar da mutane da kaya ta ruwa, yake ciyar da gidaje. A yammacin ƙasar Hausa kuwa Sarkawa, masuntan da asalinsu Kabi ne, sukan bi Kwara wata da watanni suna yada zango a tunga, wadda ita ce matsugunin wucin gadi na masu su, kuma a cikin kwalekwalen ake ajiye taru da mamari da tukunya da tabarma, a ciki ake sallah idan gaɓa ta yi nisa.

Irin wannan rayuwa ba ta fitowa fili sai lokacin biki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana da sashen da ake kira kabanci, wato wasannin ruwa da suka haɗa da tseren kwalekwale da ninƙaya da kamun agwagwar ruwa. Yawuri ma tana da nata bikin, Rigata, a kan Kwara. Kafin ranar biki, mai jirgi yakan jawo shi tudu ya kankare gansakuka, ya cusa tsumma a tsagar katako ya bi da kwalta, ya gyara filafili, sannan a yi fenti a ɗaura tutoci, duk wannan kuma yana yinsa ne ba tare da ya daina neman abincin yini ba, domin ranar da jirgi ya kwana a tudu ranar ba a ɗora tukunya da kuɗin fito.

Domin kwatanci, a Ingila akwai siririn jirgin da faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, saboda ƙofofin magudanun da aka haƙa tun ƙarni na 18 domin jigilar kwal ba su wuce haka da yawa ba, kuma a yau mutane sun mayar da shi gidan zama, suna kai shi baje kolin jirage na Crick kowace shekara. Abin lura a can shi ne duk ƙyallin fentin jirgi, sai an duba iskar gas da wayoyin lantarki da abin kashe gobara an ba shi takardar shaida duk shekara 4 kafin a sabunta masa lasisi.

Nan ne bukukuwanmu na gida suka gaza. Ana kashe kuɗi wajen rumfar manyan baƙi da anko, amma jirgin da aka yi wa tafi ranar Asabar shi ne zai ɗauki 'yan kasuwa da buhuna ranar Litinin, babu wanda ya ƙwanƙwasa katakonsa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke fasa jirage, kuma a watan Mayu na 2021 jirgi ya dare kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu, yawancinsu masu zuwa neman abinci.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedkwatarta take Lokoja, ba ta da ma'aikatan da za su zagaye kowace tunga, amma Sarkin Ruwa ya san kowane jirgi da mai shi. Ya kamata masarautun Argungu da Yawuri, da gwamnatin Nasarawa a nata gaɓar Binuwai, su ɗora wa sarakunan ruwa duba jirage kafin kowane biki, a hana wanda ya ruɓe shiga tsere, a kuma mayar da wani kaso na kyautar gasa ya zama katako da rigunan kariya daga nutsewa.