Bikin Ranar Haihuwa: Mu Koma Ga Ƙanƙarar Gida

Bahaushe suna ya sani, ranar bakwai, da rago da goro; bikin zagayowar ranar haihuwa baƙo ne. To amma baƙon ya riga ya sauka, har ya kai ƙauyukan Bichi da Ɗambatta. Hukuncinsa na malamai ne. Abin da ke damuna shi ne magidanci ya ci bashi ya sayo askirim tun daga birnin Kano, ya iso da shi a narke.

A gidan yayata kuwa, kowace shekara aya ake jiƙawa ta kwana, a markaɗa da dabino da kwakwa, a tace, a ƙulla a leda, a kai firjin maƙwabta ta daskare. Yara ke tsince ayar, su ne kuma ke rabon ƙanƙarar gida-gida. Kuɗin ya shiga aljihun manomi, uwa kuma ta san ruwan da ’ya’yanta suka sha. Sai dai a kiyaye: kunun aya ba ya jure zafi, in ya narke, kada a sake daskarar da shi.

Ya ku iyaye, yaro zai manta da robar kanti, amma ba zai manta da hannun mahaifiyarsa ba. Allah Ya raya mana zuri’a.