Muryar ɗalibi ba gangar biki ba ce

A bikin rufe shekara na lakwal ɗinmu, wata yarinya ƴar CM2 ta tsaya gaban mikro za ta karanta waƙar da ta yi sati uku tana haddacewa. Uwarta ta rufe rumfarta a kasuwa ta zo ta zauna a sahun gaba. Yarinya na buɗe baki sai lasifika ta yi gurnani, sannan ta tsandara wani kuka mai tsinka kunne. Mai sono ya murɗa nan ya murɗa can har ta gama. Aka tafa mata don kara. Ba wanda ya ji kalma ɗaya, har da uwar.

Ni dai na ɗora laifin a kanmu, mu malamai. Iyaye sun tara kuɗi an yi hayar kaya, mu kuma muka sakar wa yaron da ya kwana yana kiɗa a gidan aure, kayan na nan da saitin jiya. Saitin rawa daban, na magana daban. A ekol normal an koya mana ɗaga murya har yaron ƙarshen aji ya ji, amma ba wanda ya taɓa nuna mana teburin nan mai maɓallai, alhali abin da muke bukata a cikinsa bai fi huɗu ba.

Kowane mikro yana da layinsa daga sama zuwa ƙasa. Maɓallin can sama, wanda aka rubuta wa GAIN, shi ne ƙofar da murya ke shigowa. In ya yi ƙasa, sai a yi ta ƙara ƙarfi daga baya, shuuu ɗin na'ura ya taso tare da muryar. In ya yi yawa, murya ta fashe, kuma ba abin da zai gyara ta a gaba. Kuskuren da na fi gani shi ne direkta ya gwada mikro da ƙatuwar muryarsa, a saita a kansa, sannan a miƙa wa ɗan shekara takwas. A kira yaron da zai yi maganar, ya karanta yadda zai karanta, a murɗa a hankali har jar fitila ta fara ƙyaftawa, sai a ɗan koma baya.

Ƙarƙashinsa akwai uku: HIGH, MID da LOW. A ƙananan tebura LOW yana aiki wajen 80 zuwa 100 Hz, MID wajen 2,500 Hz, HIGH wajen 10,000 zuwa 12,000 Hz. In suna kallon sama kamar ƙarfe sha biyu, ba su ƙara ba su rage ba, kuma daga nan ake farawa. Masu kiɗa suna cika LOW don ƙirjin ƴan rawa ya girgiza. Muryar yaro ba ta da komai a can, sai iska da bugun hannu a jikin mikro. A rage shi, in akwai ɗan maɓallin LOW CUT a danna. Bambancin haruffa yana wajen MID zuwa sama, kuma Hausa ba ta yafe wannan: in ya dushe, kasa da ƙasa sun zama ɗaya, bata da ɓata ma haka. Mu da muke jan kunnen yara a kan ƙugiyar harafi duk shekara, bai kamata mu bari na'ura ta cinye ta ranar da iyaye suka zo ba.

Kukan nan kuwa yana tashi ne idan mikro ya ji muryar lasifika ya sake mayar mata. A ajiye lasifika gaba da mai magana tana fuskantar jama'a, yaro ya kusanto da mikro bakinsa.

Wani abokin aiki ya ce mini wannan ba aikin malami ba ne, an biya mai kaya. Gaskiya ne an biya shi, amma bai san wace yarinya ce mai ƙaramar murya ba, ni na sani. Bana na roƙi direkta a kawo kaya awa ɗaya kafin baƙi su iso, kuma kujerata tana gefen mai sono, da takardar sunayen yara a hannuna.